Ɗigo Biyu a Hanyar Salaga

Direba ya riga ya tada mota lokacin da Zibrim ya shigo tashar Bawku da sauri, aka matsa masa a kujerar baya tsakanin taga da wata budurwa mai jakar goyo. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Ƙasar maƙabarta tana nan a ƙarƙashin farcensa, don bai tsaya ya wanke hannu da kyau ba. Da hantsi suka binne ƙaninsa Musah, direban lorin albasa, wanda aka harba jiya da yamma a hanyar shigowa gari, shi da wasu mutum uku. Ba wanda ya faɗi wanda ya yi harbin, ba kuma wanda ya ɗaga murya ya tambaya.

Abin da ya rage shi ne Mma Rashidatu, mahaifiyarsu, da ke can Salaga tare da ƙanwarsu Latifatu, ba ta sani ba. A gidansu ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta ta waya. Jikokin fataken goro ne, kuma tun zamanin da saƙo ke tafiya a bayan jaki suke riƙe da abu ɗaya: mutum ne zai taka da ƙafarsa, ya tafi da babba, a yi sallama, a nemi ruwa a sha, a zauna, sannan babban ya buɗe baki. Zibrim ya roƙi duk wanda ya zo jana'iza kada ya sa hoto a waya, kada ya kira Salaga. Mutane sun ji. Wanda ba shi da hanyar roƙonsa shi ne Wadud.

Wadud mai shirin hira ne na dare a wata tashar talbijin ta Tamale, ƙarfe tara da rabi, da Hausa da ɗan Turanci da dukan tebur. Jiya ya taɓo maganar harbin, ya yi alkawarin cewa yau zai karanto sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, da hotunansu. Mma kuwa shekara huɗu ba ta yi fashin shirinsa ba sai in an ɗauke wuta. "Ɗana na Tamale" take ce masa, shi da bai san da zamanta a duniya ba. Awa goma ke nan Zibrim yake da su ya riga mutumin nan isa ɗakin mahaifiyarsa.

"Yaya, ɗaga ƙafa kaɗan, caja na ya shiga ƙarƙashi," in ji budurwar.

Sunanta Nusrat, ta faɗa ba tare da an tambaye ta ba. Tana aiki da wani kamfanin irin masara, kullum tana hanya, Garu yau, Chereponi gobe. Hausarta ta zangon Bawku ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai "shi" ne. Waya biyu gare ta, da wani fawa-bank na cajin waya mai nauyin rabin bulo. Kafin su fita gari ta lura mutumin da ke gefenta yana duba agogo duk minti biyar.

"Ina za ka?"

"Salaga."

"Salaga yau? Kawo wayar ka."

Ya miƙa mata, don ba shi da ƙarfin musu. Zibrim mai gyaran firji ne, shekararsa arba'in da shida, abin da ya sani a waya bai wuce kira da saƙon murya da momo na tura kuɗi ba. Ta buɗe masa manhajar taswira ta rubuta Salaga, wani shuɗin layi ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, ta Nakpanduri da Gushegu da Yendi da Bimbilla.

"Ka gani? Awa bakwai da minti goma. Kafin isha'i ka na gida. Wannan ap shi na da kyau paa. In ka sauke taswira tun a gari, ko netwok ya yanke shi na aiki. Ni ba na fita sai da shi. Akwai na ruwan sama kuma, shi na gaya maka inda hadari zai sauka. Da na salla, in mota ya lalace a daji ba ka san gabas ba."

Direba ya dube ta ta madubi. "Madam, tambayi wayar ko ta taɓa hawa dutsen Nakpanduri da damina da mutum goma sha takwas a bayanta."

Mutanen mota suka yi dariya. Zibrim bai yi ba. Ya riƙe awa bakwai ɗin nan a ransa, yana lissafin cewa ko an ƙara biyu zai isa.

Bayan Garu wani dillalin shanu da ke kujerar gaba ya kunna guntun shirin Wadud na jiya a wayarsa, ya ƙure murya, don yana cikin mutanen da suka ɗauka kunnen kowa nasu ne. Muryar Wadud ta cika mota: "Gobe zan faɗi sunaye, in ga wanda zai hana ni." Sai ƙarar tebur.

"Namiji ke nan," in ji dillalin. "Duk arewacin nan shi kaɗai ke faɗa musu gaskiya a fuska."

Wata malamar makaranta mai tabarau ta ja tsaki. "Ihu ne gaskiya? Mutum ya zauna a ɗakin sanyi yana dukan katako. Sumaiya ta ɗaya tashar ta fi shi sau goma. Ita tana barin baƙo ya gama magana."

"Sumaiya maganin barci ce, Malama. Matata in ta kasa barci ita take kunnawa."

"Ai gara barci da hawan jini."

"Dukan su na tsofaffi ne," in ji Nusrat, idonta a waya. "Ni sai da safe na kalli minti biyu, inda ya yi faɗa. Shi ke nan."

Dillalin bai kula ta ba. "Wadud ne ya sa aka gyara kwalbatin garinmu. Sati ɗaya yana zage-zage, sai ga siminti."

"Shi ne kuma ya nuna hoton yarinyar da ruwa ya ci bara, ubanta yana gona ba a gaya masa ba. A shagon shayi mutumin ya ga 'yarsa."

"Aikinsa ke nan, labari." Dillalin ya juyo gaba ɗaya, yana neman ƙarin mutum a ɓangarensa. "Malam na baya, ba ka ce komai ba. Wadud ko Sumaiya?"

"Ni dai da zai bar sunayen su ƙara kwana ɗaya, da ya kyauta," in ji Zibrim. "Mutanen nan suna da iyaye."

"Iyaye ai sun riga sun ji. A zamanin nan wa ke kwana bai ji labari ba?"

Zibrim ya juya ga taga. Gero ya yi tsayi a gefen hanya, kore shar, mata suna tafe da itace a ka kamar kowace rana.

A tsakiyar hawan Nakpanduri mota ta yi zafi. Aka sauko, aka danne tayoyi da duwatsu, direba ya yi ta zuba mata ruwa daga jarka yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Minti arba'in da biyar suka tafi a nan. Taswira kuwa ba ta da kunya, sai ta ƙara lokacin a kan na da kamar ba ita ta yi alkawari ba. Nusrat ta ce ba laifin ap ba ne, laifin mota ne.

Zibrim ya zauna a kan wani dutse da baƙar leda a cinyarsa. Ita aka miƙo masa a asibiti: makullan lori, hula, carbi, da wayar Musah, wadda ya zare ya sa a aljihun gaban rigarsa. Shekara biyu rabonsa da yin magana da mai waɗannan kaya. Musah ya saki Najat, ƙanwar matar Zibrim, da goyo a bayanta, shi kuma Zibrim ya tsaya a gaban mutane ya ce kada ya ƙara taka ƙofarsa. Musah bai ƙara takawa ba. Gari ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya, amma kowa ya san ƙofar da zai fita don kada su haɗu. Mma ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka a waya, kowannensu ya ce mata to. Zibrim ya ɗauka akwai lokaci, kuma wannan ne ke cin ransa tun jiya fiye da harsashin.

Suna shiga Gushegu, wajen ƙarfe uku, aljihunsa ya fara rawa. Wani kiɗan ganga ya tashi, wanda ba nasa ba. Ya zaro wayar Musah, sai ga hoton Mma a fuskar wayar, da farin mayafinta na Salla, an rubuta "Mma Tawa" a ƙasa. Ya riƙe ta a tafin hannu har ta gaji ta yi shiru. Ta sake, ya sake bari.

"Ba za ka ɗauka ba?" in ji Nusrat.

Ya mayar da wayar aljihu. Can sai tasa wayar ta yi ƙara, saƙon murya ya shigo. Ya danna zai kai kunne, ya taɓa lasifika bisa kuskure, muryar ta fito fili.

"Zibrim, na gan ku. Tun jiya da dare na ga kun haɗu wuri ɗaya, na yi shiru, na ce kada in sa baki in ɓata. Yau kuma ga ku a mota ɗaya, kun hau dutse kun sauka. Shi ya ƙi ɗauka, kunya yake ji, ƙyale shi, na san halinsa. Alhamdu lillahi. Shekara biyu ina roƙon Allah wannan rana. Na sa Latifatu ta kama zabi biyu. Ku taho a hankali."

Zibrim ya dubi wayar, ya dubi Nusrat. "Me take nufi ta gan mu?"

Nusrat ta karɓa ta yi 'yan danne-danne. Wata taswira ta buɗe, ba irin ta ɗazu ba. A kanta akwai ɗigo biyu manne da juna a kan Gushegu, kowanne da ƙaramin hoto: fuskar Zibrim a ɗaya, fuskar Musah yana dariya a ɗayan. Can ƙasa, ita kaɗai, fuskar Mma a kan Salaga.

"Wannan na iyali ne. Shi na nuna inda kowa ya ke. Direbobi na son shi paa. Wa ya sa maka?"

Sai ya tuna. Sallar layya ce, shekara uku da suka wuce, kafin rigima. Mma takan kira Musah sau goma yana tuƙi, shi ne ya tattara wayoyin gida ya sa musu wannan manhaja, ya zauna kusa da ita yana nuna mata: wannan ni ne, wannan Yaya ne, in kin ga ina motsi to ina lafiya, kada ki kira. Mma ba ta karatun boko, amma ta san fuskokin 'ya'yanta, ta kuma san surar hanyar da mijinta ya bi shekara talatin. Zibrim bai ƙara buɗe abin ba, ya manta da shi sarai. Ashe duk shekara biyun nan tsohuwa tana zaune tana kallon ɗigo biyu a cikin Bawku suna kewaye juna. Jiya da dare ta ga sun haɗu. Ba ta da yadda za ta san cewa wurin asibiti ne.

"To ina ɗan'uwan naka?" in ji Nusrat. "Shi na gaba?"

Zibrim ya buɗe bakin ledar ya nuna mata hula da makullai. Ta duba, ta dubi farcensa, ta sa hannu ta rufe baki. Sai da mota ta fita gari sannan ta yi magana, a hankali yadda dillalin ba zai ji ba.

"Zan iya kashe wayar shi. Danna ɗaya ne."

"In kin kashe, me za ta gani?"

"Hoton shi zai tsaya a nan, ya yi toka-toka. Naka zai ci gaba."

"Bar shi tukuna."

Daga nan har Yendi ba ta ƙara tallar wata manhaja ba. Da suka sauka a tasha, ƙarfe biyar saura kaɗan, ta duba masa manhajar sayen tikiti ko akwai motar Salaga. Manyan bas na Tamale da Accra kawai ta nuna, ba ta san da wata Salaga ba. Nusrat ta zare fawa-bank ɗinta da igiyarsa ta sa masa a leda.

"Batirin wayar ɗan'uwan naka ya kusa ƙarewa. Ka riƙe."

"Yaya zan yi in mayar miki?"

"Bar shi, Yaya. Allah ya jiƙan shi."

Kawu Aruna yana jiransa a ƙarƙashin rumfar masu shayi, da babbar riga ruwan toka da lema a hannu. Ƙanin Mma ne, tsohon ɗan kasuwar doya, shi kaɗai Zibrim ya kira tun asuba. Ya kai irin wannan saƙo gidaje da yawa, har ya zama in dangi suka gan shi ba zato sai gabansu ya faɗi tun kafin ya yi sallama. Bai rungumi Zibrim ba. Ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce, "Ka yi salla?" Suka haɗa azahar da la'asar a masallacin tasha.

Motar fasinja ta Salaga ta tashi tun azahar, kuma yau ba kasuwa ba ce, ba wata sai gobe. Kawu ya riga ya san haka ba tare da ya tambayi waya ba. Ya samo musu lorin doya da ta sauke kaya za ta koma Salaga babu komai, direban ɗan abokinsa ne. Suka hau gaba. Ƙamshin gidan direba, man inji da lemun tsami da tsohuwar katifa, iri ɗaya ne da na lorin Musah, sai da Zibrim ya leƙa da kansa waje na ɗan lokaci.

Bayan sun ɗauki hanya ya nuna wa Kawu ɗigo biyun a taswira, ya kunna masa saƙon Mma. Kawu ya saurara ido rufe, ya ce a sake, aka sake.

"Kashe wayar Musah ɗin," ya ce.

"In na kashe, Kawu, za ta ga ya tsaya a hanya ni na wuce. Za ta ce mun sake faɗa."

"To da ka bar ta a Yendi wurin iyalina."

"Duk ɗaya ne. Za ta ce ya sauka ya ƙi zuwa. Za ta yi fushi da shi, ta faɗi magana a kansa, shi kuwa yana kabari."

"Yanzu fa? Tana can tana fige zabi." Kawu ya juya carbinsa. "Mu da muke kai saƙo, aikinmu mu sauko da mutum a hankali. Shi ya sa ake cewa jiki ya yi tsanani kafin a ce an rasu. Kai kuma ka hau da ita sama, can ƙoli, daga nan za ka sake ta. Wannan ba tausayi ba ne, Zibrim."

"Ban sani ba, Kawu. Wallahi ban san abin yana aljihuna yana magana ba."

"Na san ba ka sani ba. Yanzu ai ka sani."

Direban ya rage muryar rediyo. Rana ta faɗi suna gab da Bimbilla, suka tsaya suka yi magariba a gefen gidan mai. Daga kudu hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Manhajar ruwan sama da Nusrat ta sa masa ta ce ba ruwa sai gobe, kuma tana cikin faɗin haka aka fara yayyafi.

Hanyar Bimbilla zuwa Salaga da ruwa ba hanya ba ce, haƙuri ne. Lori babu kaya, bayanta sai wutsil-wutsil yake a laka. Sau biyu direba ya sauka da tocila ya auna zurfin ruwa da ƙafarsa kafin ya shiga. Ƙarfe takwas da rabi taswira ta ce saura awa ɗaya da minti ashirin. Zibrim ya yi lissafi sau uku, sau uku lissafin ya ba shi goma saura minti goma. Wadud zai riga shi da minti ashirin, kuma Wadud ba ya ajiye babban labari zuwa ƙarshe.

"Kawu, ba za mu isa ba."

"Kira Latifatu ta zare wayar talbijin."

"Za ta tambayi dalili. Latifatu ba ta iya riƙe fuska ba, Mma na kallonta za ta gane."

"To a yi addu'a a ɗauke wuta," in ji Kawu. "Kullum suna ɗaukewa ba a roƙe su ba."

A wani tudu netwok ya dawo, saƙo na biyu ya shigo. Wannan karon Zibrim da kansa ya sa shi a fili.

"Na ga kun wuce Bimbilla, ruwa ya tsare ku ko? Kada ku yi gaggawa. An gama daka sakwara, na sa an rufe. Na fito da kujera zaure, a nan zan zauna har ku iso. Yau ko ɗana na Tamale ba zan kalla ba, ya yi haƙuri, ina da manyan baƙi. Ina kallonku a nan, kun fi shi daɗin kallo. Ka ce wa Musah na yafe masa rashin ɗaukar waya."

Ruwa yana dukan gilashi, abin share gilashin yana kai da komo. Sai wayar Musah ta yi wani ɗan ƙara a aljihu. Zibrim ya zaro ta. Jan layi ne siriri a kusurwa, saura kashi uku.

Ya riƙe ta yana kallo. In ya bar ta, minti kaɗan za ta mutu da kanta, ba shi ya kashe ba, ba wanda zai ce ya yi wani abu. Hoton Musah zai tsaya a daji tsakanin Bimbilla da Salaga. Mma za ta kira, ba za ta samu ba, hankalinta zai tashi, ta shiga ɗaki, kuma in ta shiga ɗaki da damuwa abin da hannunta ya saba kunnawa shi za ta kunna. In kuma ya sa caji, zai ƙara mata awa ɗaya na farin cikin da shi ne zai zo ya karɓe. Duk biyun ya ƙi su har cikin ransa.

Ya buɗe leda ya ciro fawa-bank ɗin Nusrat ya jona.

Kawu ya kalle shi ta gefen ido. "Kana ciyar da ita ƙarya."

"Na sani, Kawu. Amma daga bakinka za ta ji, ba daga bakin mai dukan tebur ba."

Kawu bai ce ya yarda ba. Ya miƙo hannu ya karɓi fawa-bank ɗin ya riƙe a cinyarsa don kada girgizar mota ta zare igiyar, suka tafi a haka, waya a hannun ɗaya, batir a hannun ɗaya.

Goma saura kwata suka shiga Salaga. Ruwa ya tsagaita, kuma ba a ɗauke wuta ba. Lori ta ajiye su a bakin layi, suka taka da ƙafa cikin taɓo. Daga kowace taga muryar Wadud ke fitowa, ya wuce sunaye ya koma zagin masu mulki. A ƙofar gidaje maƙwabta sun fito sun tsaya, maza da mata. Wani tela da suka yi makarantar allo tare da Musah ya taho zai kama hannun Zibrim, Kawu ya ɗaga masa lema kaɗan, telan ya koma. Duk layin sun ji, kuma duk layin sun san ba su ne za su shiga gidan ba.

Zauren gidan a buɗe yake, an kunna ƙwan lantarki. Mma Rashidatu tana zaune a kujerar roba da farin mayafinta na Salla, ta sa kwalli, waya a hannunta kusa da fuska. Ƙamshin miyar gyaɗa da zabo ya cika wurin. A bayanta Latifatu ta jera kwanuka a kan tabarma, da tasa ɗaya babba wadda 'yan'uwa biyu za su ci tare.

"Salamu alaikum," in ji Kawu.

Ta ɗago da murmushinta a shirye. Ta ga Zibrim. Ta ga wanda ke gefensa, da babbar riga ruwan toka da lema. Ta leƙa bayansu, inda babu kowa sai maƙwabta a tsaye nesa cikin duhu.

"Aruna," ta ce. "Ban gan ka a waya ba."

"Ni ba na ciki, Yaya. A ba mu ruwa mu sha."

Ta san wannan magana. Ita kanta ta zauna a gefe an faɗe ta a wasu gidaje. Ta mayar da ido kan wayarta, inda hotuna uku suka taru wuri ɗaya a kan Salaga, nata da na 'ya'yanta biyu. Ta kai yatsa a hankali ta danna fuskar mai dariyar.

Kiɗan ganga ya tashi daga aljihun Zibrim. Bai taɓa aljihun ba, bai kuma iya ɗaga kai ba. Mma ta bar wayar tana kiɗa, idonta a kan ƙirjinsa, har ta katse da kanta.

Sannan ta sauka daga kujerar ta zauna a ƙasa, ta gyara mayafinta.

"Latifatu," ta ce, "kawo wa kawunki ruwa."